Daga Sakkwato zuwa Takadda: hanyar da tagulla ta bi ta shigo Gobir

Maƙerin farin da ke zuba munduwa ko adon linzami a Sakkwato yau, tagullarsa daga tsohuwar wayar lantarki take fitowa, ko kwayil ɗin injin da ya ƙone, ko lagireton motar da ta mutu. A hannun 'yan gwangwan yake sayenta da kilo. Shekaru ɗari shida da saba'in da suka wuce kuwa, jan ƙarfen da ke shiga ƙasar Gobir a bayan raƙuma yake zuwa daga arewa, daga wani gari da ake kira Takadda. Garin ya mutu tuntuni, amma kufansa yana nan a wurin da ake kira Azelik, arewa maso yamma da Agadas, kuma mota tana kai mutum can. Hanyar ita ce dai wadda direbobinmu suka sani da ɗaukar shanu da albasa: Illela, Ƙonni, Tawa, Abalak. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne idan aka bar kwalta kafin Agadas aka yanki yamma, za a faɗa ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren narkar da tagulla a Afirka ta Yamma.

Maganar tsaro ce ta fara zuwa, don ita ke yanke hukuncin ko za a tashi ko ba za a tashi ba. An rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka sake buɗe ta a Maris na 2024. A ɓangarenmu akwai matsalar Lakurawa a yankunan Tangaza da Gudu da kewayen iyaka, a can ma jihar Tawa tana fama da 'yan bindiga, kuma a 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa. Saboda haka duk bayanin da ke tafe na mutumin da ya tambayi direbobin tasha da jandarmomi ne a satin da zai tafi, suka ce hanya ta yi sauƙi. Idan suka ce a dakata, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kufan da ya yi shekaru ɗari biyar a kwance zai jira wata shekarar.

Abin da Ibn Baɗuɗa ya tarar

Shaidar da aka fi dogara da ita ta Ibn Baɗuɗa ce, matafiyin nan na Maroko, wanda ya sauka Takadda a 1353 yana komawa gida daga Mali. Bayaninsa na ɗan kasuwa ne mai lura da farashi. Ya ce gidajen garin da jan dutse aka gina su, ruwan garin kuma yana bi ta kan ma'adinin tagulla har launinsa da ɗanɗanonsa sun sauya. Ba a noma sai ɗan alkama, kunamu sun yi yawa, mutanen garin ba su da sana'a sai fatauci, kowace shekara suna zuwa Misira su sayo tufafi. Mahaƙar tana bayan gari. A tono ƙasar a kawo cikin gida, bayi maza da mata su narka, in ta zama jan ƙarfe a mayar da ita sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi, wasu sirara wasu masu kauri.

Sandunan nan su ne kuɗin garin. Masu kauri ana ba da 400 a miskalin zinariya ɗaya, sirara kuwa 600 ko 700. Da siraran ake sayen nama da itacen wuta, da masu kaurin ake sayen gero da man shanu da alkama, har da bayi. Sannan ya lissafa inda ake kai tagullar: Kubar, da Zagai, da Barno wadda ya ce tafiyar kwana arba'in ce. Kubar ɗin nan yawancin masana tarihi sun tafi a kan Gobir ce, kuma wannan yana cikin wuraren farko da aka ambaci wata ƙasar Hausa a rubuce. Gobir ta lokacin ba ta Alkalawa ba ce. Gobirawa da kansu suna cewa daga Azbin suka gangaro, don haka a ƙarni na 14 suna arewa da inda muka san su yau, wato maƙwabtan Takadda ne na kusa.

Yana da kyau a ɗan yi lissafi a kan farashin nan, domin yana gyara tunanin wanda zai je yana tsammanin ganin ramuka manya. Miskali bai fi giram huɗu da kwata na zinariya ba. In har sanda 400 ko 700 za su tafi a wannan ɗan nauyi, to abin da ake kira sanda ya fi kama da tsinke ko guntun waya. Takadda ba ta taɓa fitar da tagulla tuli ba. Ƙarfinta shi ne tana zaune a mararrabar ayari, tsakanin Gao da Misira, tsakanin Tuwat da ƙasar Hausa, kuma tana da ƙarfen da za ta buga kuɗinta da shi a yankin da ƙarfen ke wuya.

Wannan ƙarancin ne ya sa aka daɗe ana gardama. Henri Lhote, Bafaranshen da ya yi yawo ƙwarai a Sahara, ya dage cewa babu wata tagulla a wurin, cewa Ibn Baɗuɗa ya ruɗe ne ya ɗauki gishiri a matsayin jan ƙarfe. Ga kuma rikicin suna, don a harshen Buzaye akwai wurare da dama masu suna Tigidda, kamar Tigiddan Tesum da Tigiddan Adrar da Tigiddan Tagait. Binciken da Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi a Azelik a shekarun 1970 ne ya raba gardamar. Sun tarar da kufan gari babba mai ragowar masallatai da maƙabartu, ga kashin ƙarfe, ga fasassun kaskon narki, ga ɗigon tagulla a cikin ƙasa.

Yadda aka yi aikin ya bambanta da abin da maƙeranmu na baƙi suka sani game da tama. A Azelik tagullar tana nan a matsayin ƙarfe tsantsa, 'yan ƙwayoyi ƙanana a cikin wani siririn shimfiɗen dutse da ke kusa da saman ƙasa. Ba a buƙatar rami mai zurfi. A fasa dutsen, a daka shi har ya zama gari, a tsince ƙwayoyin, a zuba a ƙaramin kaskon yumɓu, a rufe da gawayi a hura da zugazugi. Tagulla tana narkewa a zafin digiri 1,085, abin da gawayin itace mai ƙarfi da zugazugi biyu za su kai. Wahalar tana wurin dakan, shi ya sa aikin ya faɗa kan bayi, sai kuma gawayin, a ƙasar da itace ba shi da yawa. Har yau ana ganin 'yan ramuka kamar turmi a jikin fa, inda ake dakan.

Tarihin ƙarfen a yankin ya girmi Takadda nesa ba kusa ba. Wani mai binciken kufai, Danilo Grébénart, ya tono matoya a wurare irin su Afunfun, kudu da Agadas, ya kasa su gida biyu. Na farkon ya ce sun kai shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), abin da ya tayar da ƙura a tsakanin masana. Da aka sake duba samfuran a ɗakin gwaji, a wani aiki da David Killick ya jagoranta aka buga a 1988, sai aka ga da yawa daga cikin abin da aka ɗauka matoya ne kututturan itatuwa ne da suka ƙone a cikin ƙasa suka gasa yumɓun da ke kewaye da su, kuma gawayin tsohon itace yana ba da shekarun da suka wuce na aikin. Kashi na biyu, na cikin shekaru dubun ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya tabbata, don akwai kashin ƙarfe na gaske da 'yan kayan da aka ƙera. Wanda zai ba da labarin wurin ya tsaya a kan na biyun. Ko shi kaɗai ya kai shekara dubu biyu da ɗari biyar.

Daga Sakkwato zuwa Tawa

Kilomita kusan 85 ne daga Sakkwato zuwa Illela, ta Kware da Gwadabawa. Kada a sa tafiya ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela ce, tireloli da motocin dabbobi suna toshe gari. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne, amma takardu kan ci awa biyu ko fiye. Ana buƙatar fasfo, da katin rigakafin shawara, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mota na asali da sunan wanda ke riƙe da ita ko wasiƙar izini daga mai ita, da inshorar da ke aiki a ƙetare, sai takardar shigar da mota ta wucin gadi da duwan, wato kwastan na Nijar, ke bayarwa. Wannan ta ƙarshen tana da wa'adi, kuma ita za a nema a kowane shinge, a ajiye ta wuri guda da kwafi uku ko huɗu. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka abin da aka saba wucewa da shi a da yana iya sauyawa, sai a tambaya a bakin iyaka kafin ranar tafiya.

A canza kuɗi a Ƙonni, a kuma koyi lissafin can tun kafin a shiga ciniki. Da dala ake ƙirga sefa, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Idan mai tuwo ta ce "ɗari", sefa 500 take nufi. Jikka ita ce sefa 1,000. Baƙo da yawa ya yi rigima a kan wannan yana zaton cutarsa ake yi. A tanadi canji ƙanana don kuɗin hanya da ake biya a shingayen fita gari, a kuma riƙe rasit, domin ana duba shi a gaba.

Kada a ƙetara iyaka da mai a jarka, kwastan za su ɗauke shi fasa-ƙwauri. A tafi da jarkunan fanko a cika su a Tawa.

Daga Ƙonni ana bin babbar hanyar gabas kaɗan zuwa Tsarnawa, nan ake karya hagu a nufi arewa. Wanda ya miƙe zai kai Galmi mai albasa, kuma a wajen nan ne Maratta take, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ƙonni zuwa Tawa kusan kilomita 130 ne ta Badagishiri. Nan ce ƙasar Adar, kuma a nan idon mai tafiya ke fara buɗewa: tudu mai shimfiɗaɗɗen kai da jan marmara, sai hanya ta gangara kwari, ga lambunan albasa kore shar, ga rumbunan ƙasa masu kan tulu jere a bakin ƙauye, wasu sun fi ɗakin mai su girma. A kwana a Tawa. Ita ce gari na ƙarshe da ake samun bakanike mai kayan gyara da mai facin da ake dogara da shi kafin Agadas.

Hanyar yuraniyom

Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne. An shimfiɗa wannan kwalta a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 don kwaso yuraniyom daga Arlit, kuma manyan motoci sun ci ta sun cinye a wurare da yawa. Da farko akwai daɗi. Kimanin kilomita 50 daga Tawa hanya tana ratsa gefen tafkin Tabalak, ruwa shimfiɗe a tsakiyar busasshiyar ƙasa, ga masunta ga tsuntsaye, ga mata suna soya kifi a bakin titi. Daga Abalak, wajen kilomita 135 daga Tawa, gonaki suna ƙarewa. Sai fili da ciyawa da ƙaya, da raƙuma, da jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho, da rijiyoyi masu zurfin da sai jaki ko raƙumi ya ja guga ya yi nisa kafin ta fito.

Lalacewar kwalta iri biyu ce, kuma kowace da irin ɓarnarta. Akwai rami mai kaifin baki, wanda idan taya ta faɗa da gudu yake tsinke zaren gefenta, ta yi ƙululu, bayan kilomita talatin ta fashe. Akwai kuma inda kwaltar ta tafi gaba ɗaya, motoci suka buɗe hanya a gefe, ta zama gargada. Gargada ita ke kashe shokozoba, don man da ke ciki yana yin zafi ya daina riƙewa, ita ke kwance noti, ita ke tsaga mazaunin batir. Duk bayan awa biyu a tsaya a taɓa shokozoba, a leƙa ƙarƙashi a ga ko wani abu na ɗiga, a gwada notocin taya. Wanda ya lissafa awa biyar a wannan tsakani ya yi kuskure, a ware masa yini guda, a tashi da asuba, kuma kada magariba ta riski mota a daji. Raƙumi da dare ba ya ganuwa sai an zo kansa, tsayinsa kuma ya sa jikinsa ta gilashi yake shigowa.

Kafin Agadas hanya tana sauka daga gaɓar Tigidit, wani dogon bangon dutse da ya yi baka a kudu da garin. A tsaya a nan, musamman da hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da dutsen ke yin ja. A ƙasan gaɓar akwai itatuwan da suka zama dutse, ana ganin zoben shekarunsu a jiki. A wannan yanki ne Paul Sereno da ayarinsa suka tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, ciki har da Jobaria a 1997. Kusa da nan kuma Marandet take, inda aka tarar da dubun-dubatar ƙananan kaskon narka tagulla a jibge, waɗanda suka girmi zuwan Ibn Baɗuɗa da ɗaruruwan shekaru. Abin mamaki, Lhote ɗin da ya musanta tagullar Takadda yana cikin waɗanda suka tono su.

Ingal, Tigidda, Azelik

Ingal tana yamma da Agadas da kilomita ɗari da 'yan kai, ana shiga ta wani reshe da ya rabu da babbar hanya. Mafi dacewa a fara isa Agadas, a sanar da hukuma, a ɗauki jagora ɗan ƙasa, sannan a dawo. Ingal gari ne na dabino a bakin ƙorama, kuma mutanenta suna da harshensu, Tasawak, wanda gindinsa Songhai ne amma ya cika da kalmomin Buzanci. Su da mutanen Tigiddan Tesum suna danganta kansu da Azelik. Abin da suka gada a baki shi ne Sarkin Agadas ya ci garin da yaƙi, waɗanda suka tsira suka koma ga gishiri. Masana suna ƙara cewa ƙarewar tagullar mai sauƙin tono da tasowar Agadas a ƙarni na 15 sun riga sun raunana shi. Kafin ya mutu ya yi suna da malamai, Shehu Magili ma ya zauna ya karantar a nan kafin ya iso Kano wurin Muhammadu Rumfa.

Daga Ingal kwalta ta ƙare. Tigiddan Tesum tana arewa da kusan kilomita 80 zuwa 90, Azelik kuma tana gaba da ita da ashirin da wani abu ta arewa maso gabas. Filin da za a ratsa shi ne Irhazer, shimfiɗaɗɗiyar laka da ruwan duwatsun Azbin ke malalowa a kai. Da rani tana da tauri kamar daɓe, mota tana tafiya sumul. Ruwa kaɗan ya taɓa ta sai ta zama sabulu a sama, danƙo a ƙasa. Mafi haɗari shi ne bayan ruwa da kwana biyu ko uku, lokacin da saman ya bushe ya tsattsage kamar babu komai, alhali ƙasan yana nan da danshi. Mota ta hau, ɓawon ya fashe, ta zauna a kan cikinta. Alamar da ake dubawa ita ce launi: inda ƙasa ta fi duhu ko take ƙyalli, a sauka a taka da ƙafa ko a soka sanda. A bi sawun da motoci suka bi kwanan nan ko da ya yi kewaye, wanda ya yi kewayen yana da dalili.

Wannan ne ya sa lokacin tafiya ke da ruɗani. Bikin gishiri na Ingal, wanda makiyaya Buzaye da Fulani ke taruwa da dabbobinsu su lasa ƙasa mai gishiri, a watan Satumba ake yinsa, ƙarshen damina. Lokacin ne garin ya fi kyan gani, kuma lokacin ne hanyar Azelik ta fi muni. Mai son kufai ya bari sai Nuwamba zuwa Fabrairu. A sa rai da sanyin dare mai shiga ƙashi a Disamba da Janairu, da hazon da wani lokaci ke rufe komai. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ba lokacin kai iyali ba ne.

Mota sai mai jan ƙafa huɗu, kuma biyu, ba ɗaya ba, don wadda ta kafe 'yar'uwarta ce za ta ja ta. Mota irin Hilux da ke shan lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 a kwalta tana iya kai 16 ko 18 a rairayi da laka. Zuwa da dawowa daga Ingal ya haura kilomita 200, wato wajen lita 40, ban da ɓata da kewaye. A cika tanki a ƙara jarka biyu masu lita 20. Man kwalba na bakin hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a kuma riƙe filtar mai ta canji, don ƙura da ruwan da ke cikinsa su ke toshe ta, mota ta riƙa shaƙewa a kan tudu. Ruwan sha lita biyar zuwa shida ga kowane mutum a yini, a ƙara na kwana biyu a kai, a raba shi jarka da yawa saboda in ɗaya ta fashe kada a rasa duka. Safaya biyu, shebur, igiyar ja mai ƙarfi, faffaɗan katako da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse, fanbel, famfon iska da gejinsa.

Iskar taya ita ce sirrin rairayi. A kwalta ana tafiya da 32 zuwa 35 a geji. In an zo ƙoramar da ta cika da yashi a rage zuwa 18 ko 20, tayar ta baje ta hau saman yashin maimakon ta tona shi. Kada a sauka ƙasa da 15, kuma kada a karya kwana da ƙarfi a haka, taya tana iya zamewa daga bakin rim. Da an fito kan dutse a mayar da iska, in ba haka ba gefen tayar zai yanke. Idan mota ta fara tonawa a ɗaga ƙafa daga totur nan take, ƙara wuta ƙara binnewa ne, kulochi kuma ya ƙone. A sauka a share gaban tayoyi, a koma baya ta sawun da aka shigo. Bayan damina akwai wata matsalar da ba a cika tunawa da ita ba: 'ya'yan ciyawa da ƙarangiya suna toshe lagireto, allurar zafi ta hau ba tare da ruwa ya ragu ba, busasshiyar ciyawa kuma tana taruwa a jikin salansa har ta kama wuta. A ɗaura gidan sauro a gaban lagireto, a riƙa zaro ciyawar ƙarƙashi a duk tsayawa. Filtar iska a kaɗe ta kowace yamma.

Tigiddan Tesum ita ce abin kallon tafiyar. Ɗaruruwan ƙananan kududdufai ne zagayayyu, manne da juna kamar saƙar zuma, wani ja, wani ruwan ƙasa, wani rawaya, wani ya yi fari da ɓawon gishiri. Ana ɗebo ƙasa mai gishiri a zuba a babban rami, a kwarara mata ruwan rijiya mai zartsi, a dama a bar ta ta kwanta. Ruwan da ya taso a kwashe shi zuwa ƙananan kududdufan, rana ta shanye shi, ana yayyafa ruwa a fasa ɓawon da ya taso don ƙafewar ta ci gaba. Gishirin da ya taru a cura shi a shanya. Ƙasar da aka gama da ita ana jibge ta a gefe, har ta zama tuddai kewaye da wurin, kuma daga kan tuddan ne ake ganin launukan sosai. Gishirin na dabbobi ne mafi yawa, yana gangarowa kasuwannin kudu. A nemi izini kafin a ɗauki hoton masu aiki.

Azelik kuwa ba ta nuna kanta ga mai gaggawa. Babu bango a tsaye, babu ƙofar gari. Fili ne mai duwatsu a warwatse, sai jagora ya nuna maka layin harsashin gini, ya nuna inda alƙiblar masallaci take, da duwatsun kaburbura. Sai an sunkuya ake ganin sauran: katangar tukunya, baƙin kashin ƙarfe mai ƙyalli kamar kwalba, da wani ɗan ƙwaya kore kamar ƙwayar gero, wanda tagulla ce da ta yi tsatsa. A gani a bari a wurin. Doka ta hana ɗauka, kuma kowane gutsure da ya bar inda yake ya rage abin da mai bincike na gaba zai karanta. Kunamun da Ibn Baɗuɗa ya ambata suna nan, a kaɗe takalmi da safe, kada a ɗaga dutse da hannu.

Kusa da kufan za a ga gine-ginen zamani da shinge. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa da suka zo Azelik neman tagulla suka ci karo da yuraniyom, kuma daga nan labarin yuraniyom na Nijar ya fara, har aka buɗe mahaƙar Arlit a 1971. A Azelik kanta kamfanin SOMINA, mai hannun jarin China, ya haƙa na 'yan shekaru daga wajen 2011 sannan aiki ya tsaya. Kada a kusanci shingen, kada a ɗauki hotonsa, kada a sha ruwan da ke kwance a kewayensa.

A kan hanyar dawowa Agadas ta cancanci kwana biyu. Hasumiyar babban masallacinta ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, asalinta na wajen 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Basakkwace ba baƙo ba ne a nan, Hausa ake yi a kasuwa, kuma nan Shehu Usmanu ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Yaƙin da Askiya Muhammadu ya kai wa garin ne ma ya haifar da saɓanin ganima da ya sa Kanta ya ɓalle ya kafa Kabi. A unguwar maƙera har yanzu ana zuba azurfa da tagulla ta hanyar kakin zuma: a sassaƙa siffar da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, in ya huce a fasa yumɓun.

Kafin a kama hanyar Tawa a kai motar wurin wanki a sa a feshe ƙarƙashinta sosai, har cikin maɓoyar taya da bayan birki. Lakar Tigidda gishiri ce, in ta bushe a jikin ƙarfe tana jawo danshi ta ci shasi da bututun birki a hankali, kan batir da mahaɗar wayoyi kuma su yi kore. A goge su da burushi, a shafa giris, a canza filtar iska da baƙin mai idan an iso Sakkwato ko da lokacin juye bai yi ba.